Masu Sayen La'ada: Yadda Jiran Dillalan Gidaje Ya Zama Kasuwa a Amurka

Dillalin gidaje a Amurka yana iya haɗa cinikin gidan dala 400,000 ranar Litinin, mai saye da mai sayarwa su sa hannu a yarjejeniya, amma ranar Juma'a ya rasa kuɗin man mota. Ba cutarsa aka yi ba. La'adarsa tana nan a rubuce, sai dai ba ta fitowa sai ranar da aka kammala ciniki, aka biya kuɗi, aka miƙa takardun mallaka da makullai. Tsakanin sa hannu da wannan rana kuwa akan yi wata ɗaya zuwa biyu. A cikin kwanakin ne banki zai tantance mai neman bashin sayen gida, a turo mai ƙiyasta darajar gidan, a turo mai duba lafiyar gini, a bi diddigin takardun filin ko akwai tsohon bashi ko rigima a kansu. Ɗaya daga ciki ya sami tangarɗa, ciniki ya warware, la'ada ta bi ruwa. A kara, da an ce an sallama, dillali ya soke la'adarsa a aljihu kafin a kwance saniya. Dillalin gida a can ba shi da wannan gata, kuma a kan jiran nasa ne wasu kamfanoni suka kafa sana'a sukutum: su ba shi adibas na mafi yawan la'adarsa yau, su karɓi nasu da ƙari ranar kammalawa.

Kamfanonin ba su daɗe ba, amma abin da ya haife su ya daɗe. A shekarar 1908 dillalan gidaje suka taru a Shikago suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Ƙungiyar Dillalan Gidaje ta Ƙasa, wadda ake taƙaitawa NAR. Burinsu a lokacin shi ne su raba kansu da 'yan buga-bugan bakin titi masu sayar wa baƙi filayen da babu su. Sun rubuta ƙa'idojin aiki a 1913, sannan suka matsa wa jihohi lamba a kafa dokar lasisi. Kalifoniya ta gwada a 1917, kotu ta soke, ta sake a 1919 dokar ta zauna, sauran jihohi suka bi sahu. Waɗannan dokoki suka raba masu sana'ar gida biyu. Akwai babban dillali mai lasisin buɗe ofis, akwai ƙaramin dillali da ke aiki a ƙarƙashinsa. Yarjejeniyar sayar da gida da babban dillali ake ƙulla ta, la'ada ma tasa ce a idon doka, kuma ƙaramin dillali ba ya karɓar ko sisi sai ta hannunsa. A riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa har yau ba a cika ba da adibas ba sai uban gida ya sa hannu.

A tsohon tsari, ofis da dillali sukan raba la'ada gida biyu. Ofis ne ke biyan haya da tarho da tallar jarida, kuma idan sabon dillali ya shiga matsi, uban gidansa yakan ba shi wani abu ya rage zafi, a cire idan ciniki ya faɗa. Bashi ne na sanayya, mutum ya san wanda yake ba. Abin ya fara sauyawa a 1965, lokacin da Dale Rector ya kafa Realty Executives a yankin Finiks bisa sabon tsari: dillali ya kwashe la'adar duka, shi kuma ya riƙa biyan ofis kuɗin tebur kowane wata. Dave Liniger da Gail Main suka ɗauki wannan tsari suka kafa RE/MAX a Denba a 1973, suka baza shi ko'ina. Ƙwararrun dillalai sun yi murna, kuma suna da gaskiya, don kasonsu ya ƙaru sosai. Amma kaso bai taho shi kaɗai ba, ya taho da ɗawainiya. Talla, allon kafawa a ƙofar gida, hoton gida, kuɗin ƙungiya, inshora, duk suka dawo wuyan dillali, kuma kuɗin tebur ba ruwansa da ko an yi ciniki a watan ko ba a yi ba. Ofishin da bai ci komai a la'adarka ba kuma ba shi da dalilin ba ka rance.

Hukumar haraji ta Amurka ta daɗe tana jayayya a kan ko waɗannan mutane ma'aikata ne ko masu zaman kansu. Majalisar dokoki ta raba gardamar a dokar haraji ta 1982. Ta ce dillali mai lasisi, wanda kusan duk abin da yake samu ya rataya a kan ciniki ba a kan awannin aiki ba, kuma yana da rubutacciyar yarjejeniya cewa shi ba ma'aikaci ba ne, to a wajen harajin tarayya ba ma'aikaci ba ne. Yau kusan tara cikin goma na 'yan NAR a wannan matsayi suke. Babu albashi, babu mai cire musu haraji a hankali, su ne za su tara su biya hukuma sau huɗu a shekara. Banki kuma ba ya sha'awar mutumin da kuɗinsa ke zuwa yau tuli, gobe shiru.

Ɗaya igiyar tarihin ta fito ne daga wani wuri dabam, wato kasuwar yadi. Tun a zauren Blackwell da ke Landan, inda aka yi ƙarnuka ana cinikin ulu, akwai wakilai masu karɓar kayan masaƙan karkara su sayar musu, su kuma ba su wani abu kafin kuɗin kaya ya shigo. Sana'ar ta haura Amurka, ta yi ƙarfi a Niyok a ƙarni na 19 a tsakanin wakilan masaƙu. Sannu a hankali wakilan suka daina taɓa kaya, suka tsaya a kan kuɗi kawai: masana'anta ta sayar musu da bashin da take bin 'yan kasuwa a kan rangwame, su je su karɓo. Doka ta jima tana kallon irin wannan ciniki a kaikaice. A 1925 Kotun Ƙoli, a shari'ar Benedict da Ratner, ta rushe wata yarjejeniyar jinginar da bashi saboda an bar wanda ya jinginar yana juya kuɗin da ya karɓo yadda ya ga dama. Sai da aka rubuta kundin dokar kasuwanci na bai-ɗaya, wanda Fensilbaniya ta fara karɓa a 1953, hanya ta buɗe. Sashe na 9 na kundin ya ce mai sayen bashi ya shigar da 'yar takardar sanarwa a ofishin jiha, kowa ya san ya riga kowa. Da wannan takarda, alkawarin kuɗin da bai zo ba ya zama haja mai rajista.

Igiyoyin biyu sun haɗu a farkon shekarun 1990, lokacin da kasuwar gidaje ta yi sanyi bayan rugujewar ɗaruruwan bankunan adashi da lamuni. A 1992 aka kafa Commission Express a arewacin jihar Birjiniya, daga baya ya riƙa sayar da izinin buɗe rassa da sunansa a wasu birane. A 1999 eCommission ya buɗe a Ostin ta jihar Tekzas, ya mayar da harkar kan intanet. Abin da suka hango mai sauƙi ne. La'adar da aka riga aka sa wa hannu bashi ce mai kyau ƙwarai: an san adadinta, an san ranarta, kuma ba ta bi ta aljihun dillali. Kuɗin ciniki yana hannun kamfanin riƙon amana ko lauyan da zai kammala cinikin, gwargwadon al'adar jihar. Babban dillali ya rubuta masa umarni cewa daga la'adar wane a cire kaza a aika wa kamfani kaza, shi ke nan. Mai ba da adibas bai cika damuwa da tarihin bashin dillali ba. Abin da yake dubawa shi ne lafiyar cinikin: an gama duba gini? Banki ya amince wa mai saye? Ciniki nawa wannan dillali ya kammala bara?

Ga misali da lissafi na ƙiyasi. Gidan dala 400,000, kason ɓangaren dillalinmu kashi 2.5 cikin ɗari, dala 10,000 ke nan. Ofis ya ɗauki kashi 30, saura 7,000. Dillali ya nemi adibas na 5,000, saura kwana 40 a kammala, aka yanka masa ladan kamfani dala 500. A kunne kashi goma ne kacal. A lissafin shekara kuwa ya haura kashi 90, ninki uku ko fiye na ruwan katin bashi. Idan banki ya ja ƙafa ranar ta matsa, yawancin yarjejeniyoyin sukan ba da 'yan kwanakin sassauci, daga nan ƙari ya fara hawa.

Nan ne gardamar take. Kamfanonin sun nace cewa su ba rance suke bayarwa ba, saye suke yi, don haka abin da suke karɓa rangwame ne, ba ruwa ba. Nacin yana da amfani a gare su, domin dokokin jihohi masu ƙayyade ruwa rance suka fi shafa, kuma dokar tarayya ta 1968 da ta tilasta bayyana ruwan shekara ta tsaya ne a kan bashin masarufi, ba ta shiga na kasuwanci ba. To amma sai a tambaya: idan ciniki ya warware, asarar wa ce? Mai saye na gaskiya shi ke ɗaukar asarar abin da ya saya. A mafi yawan waɗannan yarjejeniyoyi kuwa, dillali ne zai maye gurbin da la'adar cinikinsa na gaba ko ya biya daga aljihu. A 1979 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Major's Furniture Mart da Castle Credit, ta duba irin wannan tsari a harkar kayan ɗaki, ta ce tunda duk hatsarin yana kan mai sayarwa, abin rance ne ko da takarda ta kira shi ciniki. A ganina wannan hukunci ya fi tallar kamfanonin kusa da gaskiya. Mai karatu da ya taɓa fiƙihu ma zai ga cewa ko an yarda ciniki ne ba a tsira ba, don jumhurun malamai ba su halatta sayar da bashin kuɗi ga wani a ƙasa da adadinsa ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗauki duk mai karɓar adibas a matsayin wanda ya faɗa tarko. Dillalin sababbin gidaje yakan jira wata shida ko fiye kafin magina su gama. Dillalin ofisoshi da shaguna sau da yawa rabin la'adarsa ake ba shi ranar sa hannu, rabin sai ɗan haya ya tare. Wanda ya biya 500 ya yi tallar da ta kawo masa cinikin 7,000 bai yi wauta ba. Matsalar tana ga wanda ya cinye la'adar Mayu a Afrilu, ya wayi gari Mayu babu komai, ya koma ya ci ta Yuni.

Irin waɗannan kuwa ba su da wuyar samu, saboda sana'ar takan cika maƙil idan kasuwa ta yi daɗi. Mambobin NAR sun haura miliyan 1.3 a 2006, suka zube zuwa kimanin miliyan ɗaya a 2012 bayan rushewar kasuwa, suka sake hawa zuwa kusan miliyan 1.6 a 2022. Sai ruwan bashin gida na shekara 30, wanda ya sauka ƙasa da kashi 3 a 2021, ya kusa kashi 8 a Oktoban 2023. Tsofaffin gidajen da aka sayar a shekarar ba su wuce miliyan 4.1 ba, mafi ƙaranci tun 1995, alhali a 2005 sun haura miliyan 7. Raba wannan adadi da yawan dillalai ka ga abin da kowa zai samu. Ƙididdigar NAR da kanta ta nuna cewa rabin dillalan da ba su wuce shekara biyu a aiki ba ba sa haɗa dala 10,000 a shekara. Abin ban takaici shi ne, su da suka fi bukata su ne kamfanonin suka fi ɗari-ɗari da su, tunda ba su da tarihin ciniki.

Jihohi sun fara waiwayo harkar ta gefen bayyana farashi. Kalifoniya ta yi doka a 2018, ta fara aiki a Disambar 2022, wadda ta tilasta wa masu ba 'yan kasuwa kuɗi har zuwa dala 500,000, har da masu sayen bashi, su rubuta jimillar tsada da ƙiyasin kason shekara. Niyok ta bi da tata a 2023. Dokokin ba su ƙayyade farashi ba, sun dai ce a faɗe shi.

Girgiza mafi girma ta zo wa la'adar kanta. Ranar 31 ga Oktoba 2023, masu taimaka wa alƙali a Kansas Siti ta jihar Mizuri suka sami NAR da wasu manyan kamfanoni da laifin haɗa baki wajen riƙe la'ada a sama, suka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. A Maris 2024 NAR ta yi sulhu a kan dala miliyan 418, ta kuma yarda da sauya ƙa'ida. Daga 17 ga Agusta 2024 aka daina rubuta tayin kason dillalin mai saye a kundin haɗakar gidajen sayarwa da ake kira MLS, kuma dole ne dillali ya yi rubutacciyar yarjejeniya da mai saye kafin ya zaga da shi gida. A da, mai ba da adibas ya leƙa kundin ya ga kaso, ya san daga kuɗin mai sayarwa za a cire. Yanzu sai ya karanta yarjejeniyar mai saye, ya duba ko mai gida ya yarda ya biya duka ko wani ɓangare, sannan ya auna ko mai sayen da ya riga ya zazzage ajiyarsa a kafin alƙalami zai iya cika ragowar ranar kammalawa.