Kokawa daga dandalin kaka zuwa takobin Tawa

Tun zamanin kakanni, da an gama girbin gero da dawa, samarin ƙauyukan Kiru, Bebeji da Tudun Wada kan fito dandali, makaɗa na zuga su da kirari. Dokar a bayyane take: wanda ya sha ƙasa, an ka da shi. Gwanin da ya gagari kowa kuwa, sunansa kan zaga kasuwa-kasuwa.



Nijar ce ta yi wa wasan gatan da ya cancanta. A 1975 ta buɗe gasar ƙasa a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, kyautar zakaran gasar. Daga baya Issaka Issaka na Dosso ya lashe shi sau da dama.