Gadon da ya zama rigima a yaren PHP

A watan Yunin 2025 yaren kwamfuta na PHP ya cika shekara 30, amma akwai gardamar da ta ƙi mutuwa. Matashin da ke haɗa wa makaranta shafin duba sakamako a Dutsi ko Daura da Laravel, tsarin da aka gina kan PHP, ya san ta. Ya buɗe ajin ɗalibai a cikin manhajarsa, ya ce bari ya tsabtace aiki, ya rubuta cewa ma'ajin $fillable jeri kawai zai ɗauka. Nan take shafi ya mutu, don ajin da ya gada bai faɗi nau'in ma'ajin ba, shi ma ba a yarda ya faɗa ba.

Farkon lamarin ba shi da wani tsawo. Rasmus Lerdorf ya saki PHP a 1995 ba ruwansa da nau'i, lamba ko rubutu duk zuba kawai ake yi. PHP 5 ya gyara tsarin aji da gado a 2004, PHP 7 kuma a 2015 ya bari a fayyace abin da aiki zai karɓa da abin da zai mayar. Ma'ajin cikin aji ne aka bari a baya. A 2016 Joe Watkins da Phil Sturgeon suka kawo shawarar a sa wa ma'aji nau'i, ba ta samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'a ba. Sai a 2018 ta Nikita Popov da Bob Weinand ta wuce, ta shigo tare da PHP 7.4 ranar 28 ga Nuwamba, 2019, da sharaɗi mai tsauri: nau'in da uwa, wato ajin da aka gada, ta sa, shi ɗa mai gadonta zai sa, ba ragi ba ƙari.

Tsohuwar manhaja ba ta lalace a ranar ba. Matsalar ta faɗa kan masu manyan ɗakunan karatu na manhaja: duk ranar da suka sa wa ma'aji nau'i, ajin duk wanda ya gaje su ya sake rubuta ma'ajin zai rushe. Shi ya sa har yau suke ɗari-ɗari.

Wasu na cewa gaggawa aka yi, wasu na ɗora laifin kan ragwancin masu rubutu. Ban yarda da ko ɗaya ba. Ma'aji rumbu ne da uwa da ɗa ke zubawa kuma suke ɗiba. In ɗa ya ce gero kaɗai ke ciki alhali uwa na iya zuba dawa, wani zai kwashi abin da bai zata ba. Hujjata PHP 8.4 ne na 2024: da aka kawo ma'ajin da karantawa kawai ake yi, sai aka sassauta, ɗa ya samu damar taƙaita nau'i.

Inda na ga an gaza shi ne rashin wa'adi. A PHP 8.1 na 2021, da aka sa nau'i ga abin da ayyukan cikin yaren ke mayarwa, gargaɗi aka fara yi, aka ba mutane lokacin gyara. Ma'aji bai samu wannan alfarma ba, kuma ya cancance ta.