Tuje da baƙon bakin tafki: wa ke cikin hatsari?

A 1758 masanin nan na Siwidin, Linnaeus, ya shigar da tsuntsaye biyu da muke gani a ƙasar Damagaram cikin littafinsa na rabe-raben halittu. Ɗaya tuje ne, wanda a kimiyyance ake kira Ardeotis arabs. Ɗayan kuwa ɗan ƙaramin tsuntsun nan ne mai kaɗa wutsiya a bakin ruwa, Actitis hypoleucos, da ke sauka a tafkunan yankin Mirriya da Gidimuni da zarar damina ta ja baya.

Ba dangi ba ne. Tuje na cikin gidan Otididae. An daɗe ana lissafa shi tare da gauraka, sai binciken ƙwayoyin halitta ya raba su, aka ware masa rukuni nasa. Malamin da ke riƙe da tsohon littafin aji ya lura da wannan, kada ya koyar da abin da aka riga aka gyara. Ƙaramin kuwa ɗan gidan Scolopacidae ne, masu kiwo a laka.

Da ido za ka zaci ƙaramin ne abin tausayi, tunda yana ƙyanƙyasa a Turai da Asiya, ya ƙetaro Sahara kowace shekara. Amma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Tuje, ɗan gida, shi ne aka rubuta cikin masu dab da shiga hatsari.

Dalilin a fili yake. Ƙaramin na yin ƙwai huɗu, mazauninsa ya miƙe daga Ingila har Japan. Macen tuje ƙwai ɗaya ko biyu take ajiyewa a ƙasa, inda dabbobin kiwo ke takawa, ga gonaki suna cinye dajin. Sannan mafarautan ƙasashen Larabawa suka riƙa shigowa Nijar da motoci da horarrun shahuna, farautar da ta fi ƙarfin tarkon ɗan ƙauye nesa ba kusa ba.

A 2012 gwamnati ta kafa gandun Termit da Tin Tumma a arewa maso gabashin Zinder. Mataki ne mai kyau, sai dai tuje bai san iyakar gandu ba, yana bin ruwan sama da fara duk inda suke. Da yawa daga yaran Mirriya yanzu a bakin kakanni kawai suke jin sunansa, alhali baƙon na nan bakin tafki kowane hunturu.