Sankarar Bakin Mahaifa: Daga Ina Aka Faro, Ina Aka Kwana A Kebbi?

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin ciwon da iyayenmu ke kira daji, wanda idan ya kama bakin mahaifa sai mace ta yi ta zubar jini a ɓoye, ana cewa iska ce ko sammu, har rai ya yi halinsa.

A shekarar 1842 wani likita a birnin Berona na ƙasar Italiya, mai suna Rigoni-Stern, ya bi littattafan rajistar mamata na shekaru masu yawa. Sai ya lura cewa matan coci masu zaman zuhudu, waɗanda ba sa aure, da wuya sankarar mahaifa ta kashe su, alhali tana kashe matan aure da zawarawa. Tun daga nan aka fara zargin akwai wani abu da ake ɗauka wajen saduwa, amma an fi shekara ɗari ba a gano shi ba. Kafin a gano shi ma sai da aka sami hanyar tarar ciwon. Wani likita ɗan asalin Girka da ke aiki a Amurka, George Papanicolaou, ya nuna a 1928 cewa idan aka ɗan shafo bakin mahaifa aka duba a madubin likita, ana ganin canji tun ciwon bai kankama ba. Ba a kula shi ba sai bayan littafinsa na 1943, kuma ƙasashen da suka rungumi gwajin sun ga mutuwar mata ta ragu ƙwarai.

Mai laifin kuwa wani Bajamushe ne ya kama shi, Harald zur Hausen. A 1983 da 1984 ya gano nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar cutar HPV a cikin ƙarin sankara, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan nau'i biyu su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo. A 2006 aka fara amfani da allurar rigakafi.

To, a nan ki buɗe kunne da kyau, 'yar uwa. Wannan ƙwaya ba shaidar lalata ba ce. Yawancin masu aure, maza da mata, sukan ɗauke ta a wani lokaci, kuma jiki kan kore ta da kansa cikin shekara biyu ba tare da an sani ba. Wadda ta maƙale ce kan juye sankara, shi ma sai bayan shekara 15 zuwa 20, ko ƙasa da haka ga mai ɗauke da ƙanjamau. Don haka kada sakamakon gwaji ya sa a fara kallon miji ko kishiya da wani ido. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru da yawa.

A Nijeriya, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna mata kusan 12,000 sun kamu, kusan 8,000 sun rasu. A nan Kebbi, zamanin Gwamna Atiku Bagudu, 2015 zuwa 2023, matarsa Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, ta yi ta fafutukar a riƙa gwada mata, har maganar sankara ta fita daga ɗaki ta shiga fili. A 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC. Ranar 24 ga Oktoba 2023 kuma gwamnatin tarayya ta sa allurar cikin rigakafin yara, kyauta, allura ɗaya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Kebbi na cikin jihohin rukunin farko.

Sai tsohon tsoro ya taso: wai za a hana 'ya'yanmu haihuwa. Ni ban ga laifin uwar da ta tsaya ta yi tambaya ba, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba mu manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Amma mu tuna da 2003, lokacin da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna kan jita-jitar hana haihuwa. Cutar ta bazu har ƙasashen waje, yara suka nakasa, ga shi kuma waɗanda aka ɗiga wa maganin yau su ne ke goyon nasu 'ya'yan. Allurar HPV an yi wa miliyoyin 'yan mata ita tun 2006, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan rigakafi ya bincika, bai sami alaƙarta da rashin haihuwa ba. Abin da ke raba mace da haihuwa shi ne sankarar da ta yi nisa, don a lokacin sai an cire mahaifa ko an gasa wurin da na'ura, ga doguwar jinya a Sakkwato ko Zariya da kan cinye kuɗin albasar shekara guda na magidancin Aliero.

Shi gwajin kansa bai kai zafin cizon sauro ba, kunya ce dai, kuma kina da ikon ki ce ma'aikaciya mace kike so. Ana shafa ruwan kal a bakin mahaifa, in akwai tabo sai ya yi fari, a ƙona shi da zafi ko sanyi cikin mintuna, ki koma gida. Wannan ba ya hana ɗaukar ciki. Inda aka yanke wani ɓangare na bakin mahaifa ne ake ɗan samun ƙarin haɗarin haihuwar bakwaini, shi ya sa idan an taɓa yi miki, ki faɗa wa ungozoma ranar awon farko. Mai ciki ba a yi mata allurar, kuma idan an ga tabo galibi akan jira ta sauka kafin a yi magani.

Tsarin da Hukumar ta fitar a Nuwamba 2020 yana so kowace mace ta yi gwaji aƙalla sau biyu, kafin shekara 35 da kuma kafin 45. Amma wadda ke ganin jini bayan saduwa, ko jini bayan al'ada ta ɗauke mata gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, wannan ba ta jiran shekaru. Ta fara da babban asibitin garinsu, Jega ne ko Aliero ko Maiyama, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ta Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi.