Jirgin Ƙasan da Bai Iso Malanville Ba

Yawancin matasanmu ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba, sai dai su ga layinsa ya yi tsatsa idan sun sauka Parakou. Amma dattawan ƙungiyar nan da shi suka san Kwatano. Tunda muna bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, ya dace mu tuna da shi, domin a inda ya tsaya ne abincinmu ya fara.

Faransawa suka soma shimfiɗa layin daga Kwatano a 1900, da niyyar kai shi bakin Kwara. Ya isa Savè kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya jima a nan, sannan ya kai Parakou a 1936, kilomita 438 daga teku. Nan ƙarfe ya ƙare. Sauran sama da kilomita 300 zuwa garinmu aka bar wa mota.

Waɗanda suka hau shi har yau ba su gaji da labarinsa ba. A bar Kwatano da safe, a ratsa itatuwan kwakwar manja na Allada, a tsaya Bohicon mata su kewaye tagogi da tallan abinci. Daga nan ƙasa ta fara buɗewa. Sai ga duwatsun Dassa, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su. A wuce Glazoué, garin doya, a ƙetare kogin Ouémé, can sai duwatsun Savè su bayyana, waɗanda ake kira nonuwan Savè. Ga mutumin da ya tashi a kwarin Kwara, inda ido ke tafiya babu abin da ya tare shi, wannan abin kallo ne. Jirgin dai ba ya sauri, ga kwanduna ga kaji ga buhuna har kan hanyar wucewa. Sai dare ake shiga Parakou, a kwana a tasha, gari ya waye a nemi motar Kandi.

Amma kaya ne suka riƙe layin. A da gujiyar Maraɗi Kano take bi, jirgi ya kai ta Ikko. A shekarun 1950 Faransawa suka fito da tsarin da suka kira Hirondelle: motoci su haura Nijar da kayan teku daga Parakou, su komo da gujiya. Aka gina gadar Gaya a 1958, aka kafa hukumar OCDN ta ƙasashen biyu a 1959, wadda ta koma OCBN bayan Dahomey ta zama Benin a 1975. Duk motar da za ta bi, ta ƙofarmu take wucewa. Direba, ɗan dako, ɗan kamasho, mai tuwo, kowa ya samu.

Jirgin fasinja ya daina tafiya a tsakiyar shekarun 2000. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara layi daga Yamai, ya kai Doso, aka yi bikin buɗewa a Janairun 2016. Shari'a ta shiga tsakaninsa da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou kan wanda ke da haƙƙin aikin, komai ya tsaya. Yanzu ƙarfe na Doso, ƙarfe na Parakou, mu da Gaya muna tsakiya.

A cikinmu akwai masu fatan a haɗa shi, akwai masu tsoro, kuma tsoron nasu ba banza ba ne: jirgin da ya ɗauko kwantena daga Kwatano zai iya ƙetare kogi bai ko tsaya ba. Shi ya sa muke ganin duk ranar da maganar ta sake tasowa, abin da ƙungiya za ta fara nema shi ne tashar sauke kaya a Malanville. Mun ga yadda gari ke zama idan kaya ba su tsaya ba, lokacin da aka toshe gada bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, motoci suka yi layin kilomitoci, buhuna suka koma kwalekwale.