Rimin Aburi da Lambun da Ya Yaɗa Koko a Gana

Yau zan kai ku Aburi, wani gari a kan tsaunukan Akuapem, arewa da Akara a ƙasar Gana.

A 1875 Turawan mulkin mallaka suka gina gidan jinya a nan, saboda sanyin wurin ya fi musu daɗi a kan zafin bakin teku. A 1890 aka buɗe lambun itatuwa a filin, aka ɗora William Crowther, wanda ya samu horo a lambun Kew na Ingila, ya kula da shi.

To me suke nema? Kuɗi. Ana gwada tsirrai kamar roba da koko, wanda ake yin cakulan da shi, a ga wanda zai karɓi ƙasar, sannan a raba wa manoma irinsa. Amma ku lura, tun 1879 wani maƙeri ɗan ƙasa, Tetteh Quarshie, ya shigo da koko daga tsibirin Fernando Po. Lambun ya taimaka wajen yaɗa shi ne. Zuwa 1911, babu ƙasar da ta kai Gana fitar da koko a duniya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani ƙaton rimi da ke tsakiyar ciyawar lambun. Ya girmi lambun kansa, ragowar dajin da aka sare ne. Gonakin koko sun kawo arziki, sun kuma cinye irin wannan daji a kudancin Gana.

Ku faɗa min, wace tsohuwar bishiya ce ta rage a garinku?