Yadda ake auna waƙar tsohon fim idan ta shiga takara

Jama'a masu saurare na Ƙonni, Malbaza da Illela, da ƴan uwa da ke bida a Abijan, Kumasi ko Libiya, kun san gardamar da ke tashi a fada da zarar an saki waƙar tsohon fim: wace ce ta fi, wace ce ta cancanci kyauta? Ga bayanin yadda masu alƙalanci ke duba irin wannan waƙa.

Da farko, wane ne tsohon fim? Finafinan Hausa na kaset sun faro a Kano da Turmin Danya a 1990, kuma sunan Kannywood ya fito a mujallar Tauraruwa a 1999. Zamanin da waƙa ta mamaye fim shi ne na Sangaya, na Ali Nuhu da Fati Muhammad, da Wasila da Mujadala. Kaset ɗinsu sun shigo mana ta Sakkwato da iyakar Illela ta Najeriya, aka yi ta kallo a gidajen bidiyo.

Ba da kyauta ga waƙar fim tsohuwar al'ada ce. A Amurka, gasar Oscar ta fara karrama waƙa da finafinan 1934. A Indiya, Filmfare ta fara ba mawaƙin bayan fage kyauta a 1959, Lata Mangeshkar ce ta fara ɗauka. A nahiyarmu akwai gasar AMAA tun 2005.

Ma'auni na farko shi ne asali. Ƙa'idar Oscar ita ce a tsara baiti da kiɗa musamman domin fim ɗin. Nan ne tsofaffin waƙoƙinmu da dama ke tuntuɓe, don an ɗauko karin wasu daga finafinan Indiya, aka ɗora Hausa a kai. Waƙar aro tana iya yin daɗi, amma ba a jera ta da wadda mai ita ya ƙirƙira tun daga tushe.

Na biyu, baiti. Ana duba amsa-amo, da zurfin Hausa, da karin magana. Shin baitin na da ma'ana, ko an cusa kalma ne kawai don ƙarshen layi ya dace?

Na uku, aikin waƙar cikin labari. Gwajin mai sauƙi ne: a cire ta. In labarin ya rasa wani abu, to waƙar ta yi aiki. In ba abin da ya ragu, cikon kaset ce.

Na huɗu, kayan aikin zamaninta. Yawancin kiɗan lokacin da fiyano ɗaya ta Yamaha aka yi shi a ƙaramin sutudiyo. Ba adalci ba ne a auna shi da sautin kwamfuta na yau. Abin dubawa shi ne me makaɗin ya fitar da ɗan abin da ke hannunsa.

Sai babban abin da aka fi mantawa: wa ya rera? Jarumin da ke rawa a fim baki kawai yake motsawa. Muryar ta irin su Misbahu M. Ahmad ce, da Rabi Mustapha, da Yakubu Muhammad, da tamu Fati Nijar, ƴar Maradi. Sau da yawa yabo na tafiya ga fuskar da aka gani, mai muryar da marubucin baiti su tashi hannu banza.

Saboda haka in gardama ta sake tashi a fadarku, ku fara da tambayar nan: wa ya rubuta, wa ya kaɗa, wa ya rera? In kun samu sunayen, sai a shiga maganar wadda ta fi.